Yadda Ake Renon Alilliba a Sudan, Tun Daga Ƙwallo Har Ta Yi Inuwa

Duk wanda ya shiga layin kafintoci a Damazin ko Sinja ko Wad Madani ya tambayi katakon gida mai daraja, kafin a lissafa masa uku an ambaci gambil. Gambil ɗin nan ita ce alillibarmu, wadda kakanni suka sani tun a ƙasar Hausa, inda masu alewa ke neman 'ya'yanta. Habashawa suna ce mata wanza, masana tsirrai kuma Cordia africana. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin yaranmu sun san ta ƙofa da kabad da ƙafar angarib, wato gadon igiya, amma ba su taɓa ganinta a tsaye da ganyenta ba, balle su tsotsi ɗanta. Ana sara, ba a dasawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 gas ɗin girki ya yi wuya, gatari kuma ya ƙara kutsawa daji, ba ya tambayar sunan itace.

A ganina duk Bahaushen da ke zaune kusa da ruwa a ƙasar nan, daga Mai Wurno har Rusairis, ya kamata a ce yana da alilliba ko guda ɗaya a tsakar gida ko a bakin gona. Aikin ba ya cin kuɗi: leda ce da ƙasa da ruwa da ƙaya. Kula yake ci, kuma nauyinsa duka yana cikin shekara ukun farko.

Fara duba ko wurinka zai karɓe ta

Asalin alilliba bishiyar duwatsu ce. Mazauninta kurmin tsaunuka da gefen kurmi, daga mita 550 har zuwa 2,600 sama da teku, inda ruwan sama ke kai milimita 700 zuwa 2,000 a shekara. Shi ya sa ta cika tuddan Habasha, inda manoman gahawa ke barinta a gona don inuwa. A gangaren dutsen Kilimanjaro ma mutanen Chaga suna haɗa ta lambu ɗaya da ayaba da gahawa. Ta tsallaka Bahar Maliya, ana samunta a duwatsun Yaman da na kudu maso yammacin Saudiyya. A Sudan kuwa wurarenta su ne Jabal Marra a Darfur, da duwatsun Nuba, da kudancin jihar Nil Azrak wajen iyakar Habasha.

To mu fa? Yawancin garuruwan da Hausawa suka zauna suna shimfiɗaɗɗen fili ne mai baƙar laka, ƙasa da wancan tsayi. Damazin tana samun ruwa wajen milimita 700, ke nan tana bakin gaɓa. Sinnar ba ta kai 500, Khartoum ko 200 ba ta gani. Saboda haka daga Damazin zuwa kudu, alilliba in ta kafu damina ta ishe ta. Daga Sinja zuwa arewa kuwa sai an jingina ta da ruwa: bakin kogi, gefen kwari, kusa da tur'a, wato magudanar ban ruwa, ko cikin gida inda ruwan alwala ke gangarawa. Wanda ya ɗauke ta darbejiya, ya dasa a fako ya juya baya, bazara ɗaya za ta raba shi da ita.

Sai dai son danshi daban, kwana cikin ruwa daban. Lakar nan tamu mai darewa da rani, da damina takan riƙe ruwa kwana da kwanaki, saiwar alilliba kuma ba ta jure wannan. Gwada wurin tun kafin ka wahala. Haƙa rami zurfin gwiwa, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan ya tsotse, wuri ya yi. In ka tarar da shi tsaye, ko dai ka sake wuri, ko ka shirya yin tudu, zan zo kansa.

Ka kuma tuna ba ƙaramar bishiya ba ce. A fili takan kai mita 10 zuwa 15, kanta ya baje, a kurmi har ta doshi 30. Ka ba ta aƙalla mita 6 tsakaninta da katanga, da shadda, da rijiya, kada ka sa ta ƙarƙashin wayar lantarki.

Gane uwar, sannan ka tsinci iri

Lokacin da ya fi sauƙin gane ta shi ne tsakanin Oktoba da Disamba, sa'ad da take fure. Daga nesa za ka hango kan bishiyar ya yi fari fat. In ka matso, kowane fure yana da siffar mazurari, bakinsa a yamutse, ga ƙamshi, ga kukan ƙudan zuma tun daga hantsi. Ganyenta faffaɗa ne, wani ya fi tafin hannu, samansa da ɗan kaushi, ƙasansa ya fi haske da laushin gashi. Ɓawon tsohuwa toka-toka ne mai tsage-tsage a tsaye. Ɗan kuwa ƙarami ne, santimita ɗaya ko ya ɗara kaɗan, yana zaune cikin wani ɗan ƙoƙo a gindinsa. Kore yake farawa, ya koma rawaya in ya nuna, in ya bushe ya yi duhu ya tattare.

Akwai 'yar uwarta da ake kira andarab, wadda ta fi jure fari. Ita ganyenta siriri ne dogo, 'ya'yanta ja-ja ruwan lemo, jikinta kuma ba ya girma sosai. Ana cin 'ya'yanta, amma ba ita muke nema ba. In kana shakka, ganye zai raba maka gardama.

'Ya'yan alilliba suna nuna daga Janairu zuwa Afrilu. Kafin lokacin ka riga ka zaɓi iyayen da za ka ɗebi irinsu, kuma ka zaɓa da baki da ido. Ɗanɗana, don wata ta fi wata zaƙi da tsoka. Dubi gangar jiki, ka nemi miƙaƙƙiya mai lafiya. Kada ka ɗebi duk irinka daga uwa ɗaya, ka haɗa na bishiyoyi biyar ko fiye waɗanda suka yi nesa da juna, don in wata cuta ta zo kada ta same su duka da rauni iri ɗaya. Shawarar da na fi riƙewa kuma ita ce: irin bishiyar da ta girma a ƙasa mai zafi irin taka ya fi wanda aka kawo daga kan tsauni mai sanyi. In akwai alilliba a bakin kogi kusa da garinku, ita ce uwar da za ka nema.

Bishiyar da ke gonar wani tana da mai ita, ko da ba shinge. Je ka yi sallama ka ce, "Baba, iri nake nema, ko za a ba ni izini in kaɗa kaɗan?" Da wuya dattijo ya hana mai neman iri, sau da yawa ma shi zai nuna maka wadda ta fi zaƙi. Shimfiɗa tabarma ko buhu a gindi, ka sa gora mai ƙugiya ka girgiza reshe, nunannu za su zubo. Kada ka sare reshe don 'ya'ya. Waɗanda suka daɗe a ƙasa ka duba su da kyau, duk mai ɗan huji ƙwaro ya riga ka.

Wanke ƙwallo

Tsokar alilliba yauƙi gare ta kamar kuɓewa, ga danƙo, kuma in aka shuka ƙwallo da ita sai ta jawo tururuwa da ruɓa. Dole a raba su. Hanya mafi daɗi ita ce a ba yara su tsotse su tara maka ƙwallayen a kwano. In suna da yawa, jiƙa su cikin ruwa su kwana, da safe ka zuba yashi ko toka ka murza da hannu sosai, ka ɗauraye, ka sake, har sai ka ji ƙwallon ya daina santsi a yatsa. Waɗanda suka taso saman ruwa yawanci fanko ne, kwashe ka zubar.

Shanya sauran a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a kan kwano a tsakar rana. In sun bushe ƙarau, zuba su a jakar ƙyalle ko ƙaramin tulu, ka barbaɗa toka. Suna iya kai shekara a haka, amma sabon iri ya fi tsira, don haka shuka a wannan ranin. Kilo ɗaya dubban ƙwallaye ne. Cikin tafi biyu ya ishi gida har da maƙwabta.

Shuka da reno

Lissafin lokaci mai sauƙi ne. Dashen yana bukatar wata huɗu zuwa shida a leda, dasawa kuma sai Yuli in ruwa ya zauna. Ke nan Fabrairu zuwa farkon Maris ne lokacin shuka. Wannan yana nufin jariran za su ratsa zafin Afrilu da Mayu a hannunka, sa'ad da zafi ke haura digiri 40. Saboda haka kafa rumfa tukuna, irin rakubar da muka saba, amma kada ka yi mata rufi mai kauri. Zana mai shara-shara wadda rana ke ɗigowa ta cikinta ta fi. Ka tare gefen da iska mai zafi ke bugowa, ka kuma tare kaji.

Ƙasar leda ita ce rabin aikin. Mu da ke bakin Nil Azrak mun yi sa'a, don gurera, wato lallausar ƙasar da kogi ke ajiyewa bayan ambaliya, ita masu mashtal, wato wurin renon dashe, ke nema ido rufe. Haɗa kashi biyu na gurera da kashi ɗaya na yashi, ka ƙara ɗan takin dabbobi wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, ya kuma kira gara. Kada ka cika leda da baƙar laka zalla, in ta bushe takan dare ta tsinke saiwa. Baƙar ledar dashe mai faɗin santimita 10 da tsawon 20 ta yi, in ka sami wadda ta fi ta tsawo ma ya fi kyau. Huda gindinta wuri huɗu ko biyar. In babu leda, gorar roba da aka yanke wa kai tana aiki.

Jiƙa ƙwallayen cikin ruwan sanyi yini da kwana. Ba a sa musu ruwan zafi irin yadda ake yi wa irin bagaruwa. Sa biyu a kowace leda, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ka rufe, ka yafa busasshiyar ciyawa a kai. Ban ruwa safe da yamma, yayyafi kawai, da gwangwanin da aka huhhuda.

Daga nan sai haƙuri. Alilliba ba ta tsira rana ɗaya. Na gaba-gaba sukan leƙo bayan mako biyu zuwa uku, wasu sai sun kusa wata biyu, wasu kuma ba za su fito ba sam. In rabi ko kashi uku cikin huɗu suka tsira, irinka mai kyau ne. Mutane da yawa suna zubar da ledoji a mako na huɗu suna cewa iri ya mutu, alhali yana hanya. Wani abin kuma: ƙwallon yana da ɗakuna a ciki, don haka guda ɗaya yakan fitar da tsiro biyu. In leda ta tara fiye da ɗaya, jira su yi ganye huɗu, ka zaɓi mai ƙarfi, ka datse sauran da reza a daidai ƙasa. Kada ka tuge, za ka girgiza saiwar wanda ka bari.

Da tsiro ya fito, janye ciyawar da ka rufa. In ka ga wuyan tsiro ya yi baƙi ya lanƙwashe ya faɗi, ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta shiga. Rage ban ruwa, ka buɗe gefen rumfa, ka fitar da ledar da ta kamu. In habub, wato guguwar rairayi, ta taso ta lulluɓe ganye da ƙura, wanke su da yayyafi da yamma.

Ga wani aiki da ake mantawa. Saiwar alilliba tana saurin huda gindin leda ta kama ƙasa. In ka bar ta, ranar dasawa sai ka fizge, dashen ya yi yaushi a hannunka. Duk mako biyu ɗaga kowace leda ka gusa ta, saiwar da ta leƙo ka datse ta da wuƙa mai kaifi. Wannan yana sa ta yi ƙananan saiwoyi masu yawa a ciki, su ne masu kama ƙasa da wuri. Saura mako biyu ko uku a dasa, fara zare zana kaɗan-kaɗan, ka rage ruwa, don dashen ya saba da rana. Wanda ya kai santimita 30 zuwa 40, karansa ya fara tauri, ya isa fita.

Wanda lokacin shuka ya wuce shi ya leƙa mashtal na ofishin gabat, wato ofishin gandun daji, ko na masu zaman kansu ya tambayi gambil. Kafin ya biya ya duba gindin leda: in saiwa ta naɗe ta dunƙule, ko dashen ya yi tsawo siriri ya fi ƙarfin ledarsa, ya bar shi. Akan kuma sami 'yan tsiro a gindin uwa da farkon damina. Ana iya haƙo su da ƙasarsu, a rene su a leda wata guda kafin a kai su mazauni.

Ranar dasawa

Haƙa rami tun kafin ruwa ya sauka, santimita 60 faɗi, 60 zurfi. Ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A laka, bangon rami yakan yi sumul har saiwa ta kasa huda shi, ta riƙa kewayawa a ciki. Sassare bangon da bakin diga ya yi kaushi. Haɗa ƙasar sama da yashi da ruɓaɓɓen taki ka mayar. Inda ruwa ke kwanciya, ƙara ƙasa har wurin ya yi tudu kamar taki ɗaya sama da fili, ka dasa a kan tudun.

Kada ka yi gaggawa da ruwan farko. Ruwan Yuni yakan yaudari mutum, ya sauka sau ɗaya ya ɗauke mako biyu. Jira Yuli, ƙasa ta jiƙa har zurfin kamu. Dasa da yamma ko ranar da hadari ya rufe. Shayar da ledar tun da safe don ƙasarta ta riƙe. Yanke gindin leda, ka tsaga gefe, ka zare ta a hankali ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Wuyan dashen ya tsaya daidai inda yake a leda, kada ka binne shi. Danna ƙasa da tafin ƙafa a kewaye, ka zuba jardal guda na ruwa, wato bokiti ɗaya, ko da an yi ruwan sama. Ledar da ka cire kuma kada ka yar a wurin, akuya za ta haɗiye ta.

Tazara ta danganta da abin da kake so. In inuwa da 'ya'ya ne, mita 8 zuwa 10 tsakaninsu. In katako ne, matso da su mita 3 zuwa 4 don su yi rige-rigen neman rana su miƙe, daga baya a rage. A gonar dawa ko riɗi, kan iyaka ya fi dacewa da ita.

Shinge a ranar za a yi shi, ba gobe ba. Ganyen alilliba abincin dabba ne mai daɗi, akuya da raƙumi ba sa wuce shi, kuma dare ɗaya ya isa a cinye maka wahalar wata biyar. Ƙayar kitir, wani ƙaramin icce dangin bagaruwa, ta fi kowace, in an kafa turaku huɗu aka ɗaure ta sosai. A cikin gari jan bulo da aka jera da tagogi yana yi, ko tsohuwar ganga da aka fasa wa gindi. Shingen ya kai ƙirjin mutum, ya kuma yi faɗin da akuya ba za ta miƙa wuya ta kai ga toho ba.

Ranin farko da na biyu

Damina za ta ɗauke maka ban ruwa, naka cire ciyawa ne da buɗe wa ruwa hanya in ya taru a gindi. Jarrabawar tana farawa daga Nuwamba. Yi wa dashen kwari a kewaye, ka riƙa zuba jardal ɗaya ko biyu sau biyu a mako. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi 'yar yayyafa kullum, don shi ke jan saiwa ƙasa. Mai nisa da ruwa ya binne tulun ƙasa mara shafe a gefen dashen har wuya, ya riƙa cikawa yana rufe baki, tulun zai yi ta tsatsafowa a hankali. Ruwan alwala da na ɗauraye hatsi duk suna yi. Ruwan omo da na gishiri kada su je wurin.

Rufe gindi da ciyawa ko ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe, amma bar tazarar yatsu huɗu tsakanin ciyawar da karan dashen saboda gara. Ka riƙa leƙawa. In ka ga ta fara ɗora ƙasa a jikin kara, kankare, ka zuba toka a kewaye. A gona kuma, share busasshiyar ciyawa mita biyu kewaye da shinge kafin lokacin gobarar daji.

Da rani alilliba takan zubar da ganye. Kada hankalinka ya tashi, ɗabi'arta ce. Kankari ɓawo kaɗan da farce, in ka ga kore a ciki tana nan da ranta. Ganyen da ya zuba kuma bar shi a gindi, taki ne. A rani na biyu sau ɗaya a mako ya isa. A na uku, in tana kusa da kogi ko a yankin Damazin, za ka iya sakin ta, sai dai taimako a tsananin bazara. A arewa ban ruwa ba ya ƙarewa ɗungum, raguwa yake yi.

Gyaran jiki

Nan ne ake bambanta bishiyar da aka rena da wadda ta tashi kara zube. Alilliba in aka ƙyale ta takan yi rassa tun daga ƙasa, ta rabu biyu ko uku, gangarta ta karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun shekarar farko zaɓi kai ɗaya wanda ya fi miƙewa, in wani ya taso yana gasa da shi ka cire. In dashen ya kwanta, kafa masa sanda ka ɗaure da tsumma sako-sako, kada da waya.

Rassan ƙasa a riƙa rage su sannu a hankali, shekara bayan shekara, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen a lokaci guda, don da ganyen take ci. Yi yankan gab da damina, da zarto ko wuƙa mai kaifi, dab da jiki amma ba tare da ka shiga cikin gangar ba. Reshe mai nauyi fara tsaga shi ta ƙasa kafin ka yanke ta sama, in ba haka ba zai ɓare ɓawo ya bar rauni. Ta tsakar gida, in gangarta ta wuce kan mutum da hannu a miƙe, ƙyale ta ta baje. Ta katako kuwa ci gaba da share ta har mita huɗu ko biyar, don dogon katako mara ƙulli shi kafinta ke saye da tsada.

Wadda ke bakin gona in ta girma inuwarta ta fara danne shuka, ana iya sassabe kanta kafin damina. Tana jure wannan, ta sake toho, ganyen da aka sauke kuma a ba dabbobi. Sai dai shekarar da aka sassabe ta ba a sa ran 'ya'ya da yawa.

Cin moriya

Bishiyar da ta sami kula takan fara fure tana shekara uku zuwa biyar. Masu fara cin moriya ƙudan zuma ne, kuma furen yana zuwa bayan damina, daidai lokacin da furannin ciyayi suka fara ƙarewa. Mai alilliba biyu ko uku a gona ya rataya amya, amma nesa da hanyar yara da turken dabbobi. Kada a fesa maganin ƙwari kusa da ita tana cikin fure.

'Ya'yan ana tsotsarsu ɗanye in sun yi rawaya sosai, a tofar da ƙwallo. Wanda bai nuna ba bauri gare shi. A kula da ƙananan yara waɗanda ba su iya tofarwa ba, don ƙwallon da santsinsa yana iya wucewa maƙogwaro. Su a matse musu ruwan. In sun yi yawa, shanya su a tabarma mai tsabta, a rufa mayafi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a riƙa juyawa har su tattare su daina manne wa hannu. A tulu mai murfi sukan yi watanni.

Busassun su ne na sarrafawa. A wanke mudu guda, a jiƙa a ruwan ɗumi wanda ya ɗan rufe su, a bar su su kumbura. Sai a murje da hannu ko da muciya har tsokar ta saki ƙwallo, a tace da rariya, a sake zuba ruwa kaɗan a murje a tace. Abin da zai fito ruwa ne mai kauri da zaƙi. Ana iya sirka shi da ruwan sanyi a matsa lemon tsami ko a haɗa da tsamiya, don zaƙinsa shi kaɗai yana da nauyi. Da azumi yana zama lafiya kusa da karkade da gongolez, wato zoborodo da ruwan 'ya'yan kuka, a kan faranti. In alewa ake so, a ɗora shi a wuta marar ƙarfi da sukari ko ruwan rake, a yi ta juyawa ba tsayawa, don yana saurin kama gindin tukunya. A ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi: in ya dunƙule bai narke ba, ya yi. A juye a faranti da aka shafa wa man riɗi, in ya huce yadda hannu zai iya taɓawa a shafa mai a tafi a yi ta ja ana ninkewa har ya yi haske, sannan a yayyanka. Danƙon alilliba shi ke sa alewar ta jawu ba ta karye ba. Ɗanyen yauƙin kuma yara suna liƙa takarda da shi.

Katako shi ne na ƙarshe, kuma ba na mai gaggawa ba ne, sai an haura shekara ashirin ake maganar ganga mai kauri. Cikinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, ba shi da nauyi sosai, yana karɓar sassaƙa da goge, shi ya sa ake yin ƙofofi da kujeru da ganguna da akusa da amya da shi. Wannan darajar ce ta jawo masa sara har Habasha ta sa shi cikin itatuwan da ta hana yankewa a dokarta ta 1994. A Sudan ma, Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke ba da izinin sara da na ɗaukar katako a hanya. Ko bishiyar taka ce, je ofishin gabat na yankinku kafin ka kira mai zarto, kuma tun kana dasawa da yawa ka sanar da su, don ranar yanka kada a ce daga daji ka ɗebo.

In an kayar, a tsaga da wuri, a jera allunan a inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama kada su kantare. Kututturen kuma kada a tone shi, kada a sa masa wuta. A yanke shi a karkace, ƙasa da gwiwa, yadda ruwa ba zai zauna a kai ba. Da damina zai fitar da toho da yawa. A mayar da ƙaya a kewaye, bayan shekara a zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi waɗanda suka fito daga ƙasa-ƙasa, a cire sauran. Da yake tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, sun fi sabon dashe saurin tashi nesa ba kusa ba.